Yadda Ake Kare Mai Gyara Daga Faɗowa a Kan Shimfiɗaɗɗen Rufi

Rufin gidaje da shaguna a birnin Kano ya daɗe da wuce abin kare rana da ruwan sama kawai, ya koma ma'ajiyar kayan da ke bukatar kulawa a kai a kai. A can ake ɗora tankin ruwa, a can ake jera farantan sola, a can ake kafe kwanon dish da injin iyakwandishan, kuma kowannensu yana da ranar da zai ba da matsala a kira mai gyara. Falamba zai hau, mai wayarin zai hau, yaron da ke goge ƙurar hunturu daga kan sola zai hau, kafinta ma zai hau neman inda ke yoyo da zarar hadarin farko ya haɗo daga gabas. Akasarin waɗannan mutane ba aikin rufi suka koya ba, sana'arsu ce ta kai su sama, kuma sau da yawa aikin na minti ashirin ne ko talatin, shi ya sa ba a ganin ya cancanci wani shiri.

Rufin da ake magana a kansa a nan shi ne shimfiɗaɗɗe ko mai ɗan gangare: dekin na kankare, da rufin kwano mai kwanciya da ake ɓoyewa a bayan bango kamar yadda ake yayi yanzu, da faffaɗan rufin masana'antu da rumbunan ajiya irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa, har da soron ƙasa na cikin gari. A ƙa'idar masana, rufi yana cikin wannan rukuni idan tashinsa bai wuce inci 4 a kowane inci 12 na tsawo ba. Haɗarinsa kuwa a cikin sauƙinsa yake. Wanda ya hau rufi mai tsini rarrafe yake yi, tsoro na riƙe da shi, amma wanda ya hau dekin ji yake kamar a tsakar gida yake, ya yi waya, ya juya baya, ya manta cewa ƙasa tana can nesa. Faɗowa daga ƙafa 10 ba ta ɗaukar daƙiƙa ɗaya, kuma mutum yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a sa'a, daga ƙafa 20 kuwa gudun ya kusa kilomita 40. Babu zafin naman da zai sa mutum ya kama wani abu a wannan ɗan lokacin.

Na taɓa tsayawa a kan wani bene a Hotoro ana haɗa sola. Wani matashi yana warware nannaɗin waya yana tafiya da baya, idonsa na kan wayar don kada ta harɗe, har dunduniyarsa ta daki ɗan bangon bakin rufin, wanda bulo biyu ne kacal. Ubangidansa ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai, tsaya nan!" ya fizgo wayar, yaron ya faɗo gaba bisa gwiwoyinsa. Da na yi wa ubangidan magana sai ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha biyu ina hawa, ban taɓa faɗowa ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai a ranar ba gwanintarsa ce ta tsare yaron ba, dace aka yi yana kallon wajen. Duk matakan da ke tafe manufarsu guda ce, wato a tsara aikin yadda mai gyara ba zai iya kaiwa bakin rufi ba ko da hankalinsa ya tafi wani wuri.

Mataki na farko: a fara daga ƙasa

Kafin a jingina tsani, a tambayi kai ko hawan ya zama dole. Farantan solar da ke kan gida mai hawa ɗaya ana iya wanke su daga kan dakali da doguwar sanda mai soso, kuma abin da za a iya haɗawa ko a yanka a ƙasa, kamar ƙarafan da ake ɗora sola a kai, a gama shi a ƙasa a ɗaga shi a shirye. Duk mintin da aka rage a sama an rage haɗari.

Idan hawan ba makawa, shugaban aikin ya zagaya ginin da ƙafarsa. Ya duba tsayinsa, da abin da ke ƙasa ta kowane ɓangare, ko fili ne, ko katanga mai tsinin ƙarfe, ko rijiya, ko tarin rodi. Ya ɗaga kai ya duba wayoyin lantarki, domin a unguwanni masu cunkoso kamar Fagge da Sabon Gari da Kurna ba abin mamaki ba ne a ga babban layi mai ƙarfin 11kV yana wucewa daf da bene. Tazarar da aka saba gindayawa tsakanin mutum ko ƙarfen da yake riƙe da shi da irin wannan layi ita ce aƙalla ƙafa 10, kuma kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, tunda ba sanarwa ake yi kafin a dawo da ita ba. Sannan ya tambayi mai gidan shekarun rufin, da inda ke yoyo, da ko an taɓa huda dekin don bututu ko tagar haske aka rufe da falanki. A ƙarshe a sanar da mutanen gida da maƙwabta cewa za a hau sama, kamar yadda al'adarmu ta tanada saboda mutuncin matan da ke tsakar gidajensu. Wannan sanarwar tana da amfani na biyu, domin da ita ake janye yara daga gindin bango inda sufana ko guduma za ta iya faɗowa.

Mataki na biyu: wa zai hau, yaushe, da wace shiga

Ba a hawa rufi mutum ɗaya. Ko da aikin canza fulotar tanki ne, a samu na biyu da ya san an hau, yana gani ko yana jin muryar na sama. Mai farfaɗiya, da mai fama da jiri, da wanda ya sha maganin mura mai sa barci, da wanda ake zargin ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfin aiki, duk aikinsu a ƙasa yake a wannan rana.

Lokaci ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kwano kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, saboda haka aikin sama na safe ne, a sauko kafin rana ta take, musamman idan ana azumi. Da damina, iskar da ke gabatar hadari takan taso ba zato, kuma farantin sola mai faɗin kusan murabba'in mita 2 idan iska ta shiga ƙarƙashinsa jan mai riƙe da shi yake yi. Da an ga gabas ta yi baƙi a ɗaure kaya a sauko, ba sai an ji yayyafi ba. Da hunturu kuma ƙura mai laushi ke kwanciya a kan kwano, ta mai da shi kamar an barbaɗa hoda.

Silifas da doguwar riga ba kayan hawa ba ne. A sa takalmi mai ɗauri da tafin roba, da wando da riga waɗanda ba sa kaɗawa, da hular kwano mai maɗaurin haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita faɗowa.

Mataki na uku: tsani

Wurin da ake sauya ƙafa daga tsani zuwa rufi, da kuma daga rufi zuwa tsani, yana cikin wurare mafi haɗari a duk aikin. Tsanin ya ɗara bakin rufin da kimanin ƙafa 3, don mutum ya sami abin riƙewa yana tsaye, ba ya kwanta da ciki yana lalubar matakala da ƙafa ba. Gindinsa ya nisanci bango da ƙafa 1 a kowace ƙafa 4 ta tsayi, wato idan bakin rufin ƙafa 12 ne, gindin ya fita da ƙafa 3. A kafa shi a ƙasa mai tauri, ba a kan bulo ko durom don ƙarin tsawo ba, a ɗaure kansa da wani abu mai ƙarfi, kafin a ɗaure kuma wani ya riƙe gindin. Tsanin katako da aka harhaɗa da ƙusa a wurin gini a duba kowace matakalarsa, tsani biyu da aka haɗa da igiya don su kai bene kuwa a ƙi shi gaba ɗaya. Kusa da wayar lantarki ba a amfani da tsanin alminiyan. Mai hawa ya fuskanci tsanin da hannuwansa biyu a sake, kayan aiki kuma a jawo su da igiya a cikin bokiti ko jaka bayan ya isa.

Mataki na huɗu: shin rufin zai ɗauki mutum?

Ba ta baki kaɗai ake faɗowa ba, ana ɓurmawa ta tsakiya. Dekin mai lafiya ba shi da wannan matsala, amma yana da tasa: ramukan da aka rufe da tsohon kwano ko falanki, da buɗaɗɗen wurin shan iska a tsakiyar gini, da bakin matakalar da ba a gama ba, da tsinin rodin da aka bari don ɗora wani hawa nan gaba, wanda ke harɗe ƙafa kuma ya soke wanda ya faɗa kansa. Kowane rami a rufe shi da katako mai kauri da zai ɗauki ninki biyu na nauyin da za a iya ɗora masa, a kafe shi yadda ba zai zame ba, a yi masa alama da fenti. Kan rodin kuma a lanƙwasa ko a rufe shi da katako.

Rufin kwano sai an ƙara natsuwa. Kwanon alminiyan da ake sawa a gidaje kaurinsa bai fi rabin milimita da ɗan wani abu ba, saboda haka ba kwanon ke ɗaukar mutum ba, katakon da ke ƙarƙashinsa ne, kuma layin ƙusoshi ke nuna inda yake. To amma katakon da ruwa ya daɗe yana jiƙawa, ko gara ta cinye cikinsa, daga sama ba a gane shi. Shi ya sa in da hali a leƙa ta cikin silin da tocila kafin a taka, sannan a shimfiɗa faffaɗan katako da zai haye layi biyu ko uku, a kafe shi, a riƙa tafiya a kansa.

Abu biyu ba a taka su ko da wasa. Na farko rufin asbestos da ake samu a tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati da masana'antu, wanda ke karyewa farat ɗaya ba tare da ya lotsa ya yi gargaɗi ba, kuma ƙurarsa tana illata huhu idan aka fasa ko aka yanka shi. Na biyu kwanon roba mai shigo da haske da ake sakawa jefi-jefi a rufin rumbunan ajiya. Bayan 'yan shekaru rana ta gasa shi, ƙura ta rufe shi, launinsa ya saje da sauran kwanon, ga shi a ƙarƙashinsa akwai tazarar ƙafa 20 ko fiye zuwa daɓen siminti. Hanyar gane shi ita ce a shiga cikin rumbun da rana a ƙirga wuraren da haske ke shigowa, a zana taswirarsu, sannan a kewaye su ko a rufe su kafin kowa ya fara zirga-zirga.

Soron ƙasa kuma ƙarfinsa na azara ne. Masu yaɓe sun san ba a hawansa bayan ruwa mai yawa, kuma inda ya lotsa ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta, nan ne wurin da za a kauce wa.

Mataki na biyar: a auna tazara daga baki

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tana da ƙa'ida kan aikin gyara a irin wannan rufi wadda ta fara aiki a watan Janairun 2017. Ba dokar Najeriya ba ce, amma ma'auninta mai sauƙi ne, kuma da ƙafa aka yi shi, ma'aunin da maginanmu suka saba da shi. Ta raba rufi kashi uku. Duk aikin da ke ƙasa da ƙafa 6 daga baki dole sai da cikakkiyar kariya, ko shinge, ko raga, ko ɗamara da igiya. Daga ƙafa 6 zuwa 15 ma haka ne, sai dai idan aikin na ɗan lokaci ne kuma ba kullum ake yinsa ba, an yarda a kewaye wurin aikin da igiyar gargaɗi. Daga ƙafa 15 zuwa ciki, aikin ɗan lokaci da ba a yawan yi ba ya bukatar kariya, da sharaɗin an kafa doka mai ƙarfi cewa ba mai matsawa kusa da baki, kuma ana tabbatar da ita.

A nan sai mu dubi namu gine-ginen. Gidan da faɗin rufinsa ƙafa 30 ne, tsakiyarsa ce kaɗai ta kai ƙafa 15 daga baki, ke nan kashi na uku babu shi a yawancin gidajen Kano, sai a manyan masana'antu da rukunin shaguna. Tankin ruwa kuma galibi a kusurwa ake ɗora shi, a kan ƙarfe mai tsayi, injin iyakwandishan a jikin bango, magudanar ruwa kuwa a bakin take da kanta. Wato mafi yawan abin da ake kiran mai gyara dominsa yana cikin ƙafa 6 ɗin nan mafi haɗari.

Igiyar gargaɗi ba ta da wuyar haɗawa. A sami bokitan fenti a cika su da kankare da guntun bututu a tsaye, a ja igiya mai launi a tsayin ƙugu, tsakanin inci 34 da 39, a ɗaura mata jajayen ƙyallaye, kada ta matsa kusa da baki fiye da ƙafa 6. A sani cewa tunatarwa ce kawai, ba ta tare kowa. A ganina kuma wankin sola da ake yi duk mako da hunturu ya fita daga sahun aikin da ba a yawan yi, wurin yana bukatar kariya ta dindindin.

Mataki na shida: shinge

Shinge ya fi kowace kariya, domin yana tsare kowa ba tare da ya sa wani abu a jikinsa ko ya tuna da wata doka ba. Tsayinsa inci 42 ne, kimanin mita 1.1, da ƙarfe na biyu a tsakiya, kuma ya iya jure turin nauyin kilo 90 ba tare da ya ba da kai ba. Rawanin gini, wato bangon da ke kewaye da rufi, yana zama shinge idan ya kai wannan tsayi, wanda da bulo mai tsayin inci 9 yake nufin layi biyar masu fila a tsakani. Na layi biyu irin na Hotoro iyakarsa gwiwa, amfaninsa ɓoye kwano ne, ga mai tafiya da baya kuwa tuntuɓe ne. Mai gidan da ke da tanki ko sola a sama zai iya sayen bututun ƙarfe a Ƙofar Ruwa, mai walda ya ƙara masa tsayin a ɓangaren da ake aiki kaɗai, a kafe shi a jikin kankare, ba a jikin bulo mai rami ba.

Mataki na bakwai: ɗamara da igiya

A nan aka fi yin kuskure, har a wuraren da ake ganin an waye. Ɗamarar tsaro, wadda masu aiki ke kira sefti bel, aiki biyu take yi mabambanta. Ko dai ta hana mutum isa baki, kamar yadda turke ke hana akuya isa shuka, ko kuma ta tare shi a iska bayan ya riga ya faɗa. Na farkon shi ya dace da shimfiɗaɗɗen rufi, ga kuma dalili a lissafe.

Igiyar tare faɗuwa da aka fi sayarwa tsawonta ƙafa 6 ne, tana da wani ƙunshi da ke warwarewa don rage fizga, wanda ke ƙara har ƙafa 3 da rabi. A haɗa da tsayin mutum da miƙewar ɗamara, kimanin ƙafa 6, da rarar ƙafa 3 don kada ya taɓa ƙasa. Jimla ƙafa 18 da rabi ke nan ake bukata a ƙarƙashin inda aka maƙala igiyar, idan kuma a daidai ƙafarsa aka maƙala ta, kamar yadda yake faruwa a kan dekin, abin ya fi haka. Gida mai hawa ɗaya bakin rufinsa ƙafa 10 ne zuwa 12. Wanda ya sa wannan igiya a irin wannan gida zai daki ƙasa kafin ta fara aiki, ga shi kuma ta sa ya saki jiki. Ko a bene ma, rumfar mota ko baranda ko katanga na iya tare shi a hanya.

Saboda haka a yi turke. A auna daga maɗauri, wato inda za a ɗaure igiyar, zuwa bakin da ya fi kusa, a rage aƙalla ƙafa 2, wannan shi ne iyakar tsawon igiyar. Misali, rufi mai faɗin ƙafa 30 da tsawon ƙafa 50, maɗauri a tsakiya: bakin da ya fi kusa ƙafa 15 ne, saboda haka igiyar ba za ta wuce ƙafa 13 ba. Kuskuren da ake yi shi ne a auna ta da wuri mafi nisa da ake son kaiwa, alhali igiyar da ta kai kusurwa ta isa ta bar mutum ya zarce gefe. Idan ba ta kai wurin aikin ba, wani maɗaurin za a nema, ba ƙarin igiya ba. Bayan an ɗaura, mai aikin ya taka a hankali zuwa kowane baki a gaban shugaban aiki, a ga inda igiyar ta tsayar da shi.

Maɗaurin kansa shi ne ginshiƙin al'amarin. Wanda za a dogara da shi ya tare faɗuwa ana so ya ɗauki nauyin kimanin kilo 2,270 ga mutum ɗaya, kusan nauyin motar Hilux. Tambayar da nake yi wa masu aiki ke nan: za ka yarda a rataya mota a nan? Filar kankare da aka zagaya da ɗamara mai faɗi ta cika sharaɗi, haka babban ƙarfen da ke ɗauke da rufin masana'anta, haka zoben ƙarfe da injiniya ya tsara aka dasa a cikin dekin. Bututun ruwa na roba, da sandar dish, da ƙarfen iyakwandishan, da ƙafar tanki, da tsinin rodi, da bulon rawani, babu ɗaya da ya cancanta. Haka kuma a ce wani ya naɗe igiyar a hannu ya riƙe, wannan mutum biyu za a ɗauka a ƙasa maimakon ɗaya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: idan babu maɗauri na gaskiya, a kafa dandamalin ƙarfe mai shinge daga ƙasa a yi aikin bakin daga kansa.

Ɗamarar ta zama mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, zoben maƙala igiya yana tsakanin allunan kafaɗa. Bel na ƙugu kaɗai an hana tare faɗuwa da shi a wuraren gini na Amurka tun 1998, saboda yadda yake tattara fizgar a ciki da ƙashin baya. A nemi mai ɗauke da lambar inganci, irin EN 361 ta Turai, a yi hattara da na gwanjo, tunda ba a san ko ta taɓa tare wani ba. Kafin kowane hawa a bi ta da hannu ana lanƙwasawa, ana neman yanka, ko ƙunar walda, ko zaren da ya tsinke, ko taurin da rana da fenti ke sawa, a gwada ƙugiyar a ga tana kulle kanta. A ɗaure ta yadda tafin hannu zai shiga tsakanin cinya da maɗaurin amma dunƙulen hannu ba zai shiga ba. Wadda ta taɓa tare faɗuwa sau ɗaya a yanka ta a zubar. Inda igiya za ta goga a kaifin kwano ko kankare kuma a sa mata tsohon tiyo ko buhu.

Mataki na takwas: ana cikin aiki

Doka uku sun isa, kuma shugaban aiki ya faɗe su da baki kafin a hau: ba tafiya da baya, ba amsa waya a tsaye, ba cire ƙugiya don a ɗan miƙa hannu. Wayoyi da tiyo a tattara su gefe guda, kaya kuma kada a jibge su wuri ɗaya a kan kwano. Mai karɓar kaya daga ƙasa shi ya fi kowa kusa da baki, yana sunkuye, nauyi na jansa waje, don haka shi ne farkon wanda za a ɗaure. Mai taɓa wayar sola ya tuna cewa farantan suna ba da wuta muddin akwai rana, kuma ɗan jan da a ƙasa zai sa mutum ya yi tsalle kawai, a sama shi ke jefo shi.

Mataki na tara: idan abin ya faru

A tsara ceto tun kafin a hau. Wanda ɗamara ta tare yana lilo bai tsira ba tukuna, domin maɗaurin cinya yana hana jini komawa zuciya, kuma mutum na iya suma, har ya rasa ransa, cikin ƙasa da rabin sa'a. Dogon tsani ya kasance a kusa wanda za a kafa masa ya taka, a riƙa yi masa magana, a ce ya riƙa motsa ƙafafunsa, bayan an sauko da shi kuma a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Wanda ya faɗo ƙasa kuwa, abin da jama'a suka saba yi cikin tausayi shi ne a ɗaga shi zaune, a kwara masa ruwa, a ba shi ya sha, a naɗe shi a cusa a adaidaita sahu. Idan wuya ko ƙashin baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce ke mai da karaya ta zama shanyewar jiki. A bar shi a kwance, mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu daidai da jikinsa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ci ko sha, a kira lambar gaggawa ta 112. Idan dole a ɗauke shi, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna karɓar irin wannan rauni, kuma buguwar kai ko baya ba aikin mai ɗori ba ne. Kamfanin da ke da ma'aikata ya san cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora masa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, wanda daga nan ake biyan diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Saukowa

Ƙarshen aiki lokaci ne na gajiya da sauri, ga kiran salla, ga mai gida na jira da kuɗi a hannu. A sauko da kaya da igiya tukuna, a ƙirga su, a tsince ƙusoshi da guntayen waya da za su toshe magudana su sa a sake hawa da damina. Ƙugiya ita ce abu na ƙarshe da za a cire, a daidai kan tsani. Shugaban aiki ya gaya wa mai gidan abin da ya gani a sama, ya ce, "Alhaji, katakon da ke kusa da tanki ya ruɓe, kuma kafin mu dawo a dasa mana zobe biyu a dekin," ya kuma rubuta masa a takarda. Daga nan a kwantar da tsanin a kai shi inda yara ba za su iya jingina shi ba, a kulle ƙofar da ke fita saman bene, a damƙa wa mai gidan makullin a hannunsa.